Gayyar Hotunan Khairunnisa

Wata uku cur muka yi muna jiran abin da ko masu ƙera shi ba su ce sun gama ƙerawa ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fara jin haushi, domin ni ma na zauna a bencin ƙofar shagon Maliki ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ƙanwata Khairunnisa ce mai aikin. Ta koyi zanen kwamfuta, irin wanda ake gina mutum da gona da bishiya a cikin na'ura a sa su motsi, kuma ta yi wata takwas tana haɗa fim na minti biyar a kan feshin maganin ƙwari. Abin da ya sa ta fara, daminar bara a ƙauyen kakanninmu da ke ƙasar Zango, bututun feshin Kawu Bature ya toshe, ya sa baki ya hura kamar yadda kowa ke yi. Kwana tara ya yi a asibiti, kuma har yanzu hannunsa na dama rawa yake. Yayansa, Baba Dabo, shi ne Sarkin Noman garin. Ya ba mu labarin cewa an taɓa kawo musu wani fim daga waje, mutanen ciki sanye da kaya kamar masu shirin zuwa duniyar wata, a gonar da ba a ganin iyakarta. Manoma suka yi dariya suka watse, katan ɗin takunkumi da safar hannu da ƙungiyarsu ta tanada ya shekara a kusurwar sito ba wanda ya taɓa.

Khairunnisa ta ce za ta yi musu nasu. Manomi baƙi mai tsage irin na mutanenmu, da gero da gyaɗa, da gawo a tsakiyar gona, yana magana da bakinsu. Ni kuma, da ɗokina, na miƙe a gaban taron manoma na yi alkawarin za a nuna shi ranar rabon iri, Asabar ɗin da suke haɗuwa kafin ruwa ya sauka. In ranar ta wuce kowa ya shiga gona, ba mai sake zama kallon komai sai bayan girbi, kuma bana ma da baki za a hura bututu.

Zane ya kammala, an ɗauki murya. Abin da ya rage shi ne wanda masu harkar ke kira rendarin, wato kwamfuta ta zauna ta fitar da hotunan ɗaya bayan ɗaya da haskensu da inuwarsu. Hoto ashirin da huɗu ke tafiya a kowace daƙiƙa, minti biyar ke nan dubu bakwai da ɗari biyu. Wannan aikin katin hoto ne, wani ɗan allo mai fanka da ake sokawa a cikin kwamfuta. Namu tsoho ne, minti shida yake ci a kan hoto guda, in ma an kawo wuta. Ƙungiyarmu ta matasan unguwa ta amince a sayo sabo, matsakaici, ba irin na manyan kamfanonin fim ba, aka ɗora wa Maliki sayowa.

Maliki mai gyaran kwamfuta ne a hanyar tasha, kuma duk Daura ba wanda ya kai shi sanin cikin na'ura. Ba na hana shi wannan. Cutarsa ɗaya, ya fi son abin da ke tafe a kan abin da ke hannu. Ranar da ya kamata ya hau motar Kano, sai ya zaro waya ya nuna mana wani hoto dishi-dishi, wai wani ma'aikaci ne ya ɗauka a ɓoye a masana'anta. Sabon kati na nan fitowa bayan Ƙaramar Sallah, in ji shi, matsakaici daidai da wanda muke nema, amma zai fi na kasuwa gudu da kashi arba'in cikin ɗari. Ma'ajiyarsa, wadda ake aunawa da gig, goma sha shida ce maimakon takwas, kuma batirin sola biyu za su riƙe shi. Aikin da zai ɗauke mu wata, a kwana huɗu zai cinye shi. Wanda ya sayi tsohon yanzu, ya ce, mai sayen laima ne a ƙarshen damina.

Muka yarda. Wannan shi ne abin da ba na yafe mana.

Kullum bayan La'asar majalisa ta cika. Kashi arba'in ya koma hamsin, wata rana ya sauko talatin da biyar. Sagir, mai gidan gem da ke bayan kasuwa, inda yara ke wasan kwamfuta, ya rantse gig goma sha biyu ne, kuma gudun da ake yayatawa dabara ce kawai, katin ne ke ƙirƙiro hoton ƙarya ya cusa tsakanin na gaskiya biyu don masu wasa su ga kamar abu na sulɓi. Majalisa ta rabu gida biyu, 'yan sha shida da 'yan sha biyu. Lawal mai bizines santa, shagon buga takardu, yakan kwana a wannan ɓangare ya tashi a wancan, gwargwadon wanda ya sayi shayi. In Maliki ya fito daga shago sai Sagir ya ɗaga murya ya ce ga Malam Sha Shida nan, a gyara masa wuri ya karanta mana duba na yau. Maliki ya ce da shi mai kiwon yara da gem ba ya sa baki a zancen injiniyoyi. Mutanen da ko kwalin katin ba su taɓa gani ba, sai ka ji suna gardama kan ko fankarsa biyu ce ko uku har ana kiran Magariba.

Khairunnisa ba ta zuwa majalisa, sai dai ta aiko ni da tambaya. Sau ɗaya ta ce in tambayi Maliki, shi wannan gudun, a ɗaki mai sanyi aka gwada shi ko a Daura a tsakiyar bazara? Na kai saƙo, aka yi dariya, aka koma kan gig. Ita kuwa ta bar tsohuwar kwamfutarmu tana ta jan ƙafa, duk sa'ar da aka kawo wuta ta kunna. A haka ta tara hoto dubu ɗaya da ɗari biyar.

Sallah ta zo ta wuce, babu kati. Aka ce an ɗaga zuwa ƙarshen wata, sannan aka ce ba a sa rana ba. Da na matsa, Maliki ya je Kano don ya sayo tsohon da ya raina, ya dawo hannu rabbana. 'Yan kasuwar can ma jita-jitar suke ji, sun daina kawo tsohon don kada ya kwana musu. Ran nan Litinin ce, saura kwana goma sha biyu rabon iri.

Na faɗi maganganu a majalisa ran nan, wasu na yi nadamarsu, wasu ban yi ba. Na ce mun raɗa wa ɗan da ba a haifa ba suna, har mun yi masa kaciya mun zaɓa masa mata. Na ce wannan ce ɗabi'armu a komai, mu zauna a inuwa muna jiran wani a wata ƙasa ya gama tunani ya aiko mana a kwali, kuma mu kira zaman nan sanin duniya. Maliki ya ajiye kofin shayinsa. Ya tashi ya shiga shago ya saki labule.

Da na koma gida na tarar da babur a ƙofa. Baba Dabo ne ya shigo gari cin kasuwa, ya biyo ya ji labarin fim. Muka zauna a zaure, Khairunnisa ta kawo masa ruwa ta durƙusa ta gaishe shi. Na yi masa bayani da sauƙi iya yadda zan iya, ina jin nauyin kowace kalma. Ya saurara yana ɓare goro. Sai ya tambaya ko hotunan nan dole ne sai an gama na farko kafin a taɓa na biyu.

Khairunnisa ta ce a'a, kowanne zaman kansa yake, daga baya ake jera su.

Ya tambaya ko kwamfutar tamu ce kaɗai a garin Daura.

Muka kalli juna ni da ita.

"Ashe gona ce ta fi ƙarfin mai ita," in ji shi. "To ku 'yan boko, in gona ta fi ƙarfin mutum, sabuwar fartanya yake zama jira? Gayya ake kira."

Kafin ya hau babur na riga na rubuta saƙo na watsa a duk guruf ɗin waya da nake ciki, cewa ana neman masu kwamfuta su taimaka. Kwana biyu ina duba waya. Mutum arba'in da wani abu suka aiko da hoton babban yatsa, wasu suka ce Allah ya ba da sa'a. Ba wanda ya ce ga tawa. Na kira Baba Dabo ina huci, ina cewa ya ga irin mutanenmu. Ya bari na gama, sannan ya tambaye ni gida nawa na taka da ƙafata, kuma goro nawa na kai. Ya ce saƙon da aka aika wa kowa ba a aika wa kowa ba. Gayya a ƙofar mutum ake tsayawa, a kira sunansa, a ce masa wane, ranar kaza ina neman hannunka.

Haka na yi. Laraba da Alhamis na zaga da ƙullin goro a aljihu, ina jin kaina wani iri, ni da nake ganin na wuce wannan. Sada mai ɗaukar hoton biki ya karɓi goro ya ce ko ba a faɗa ba. Lawal ya ba da tasa. Sagir ya ce zai kori yara daga na'urorinsa huɗu na mako guda, su je su yi karatu ko sau ɗaya. Malama Shatu, shugabar Islamiyyar unguwarmu, ta buɗe mana ɗakin kwamfutarsu mai guda uku. Mai awon filaye, mai kemis, wani mai buga katin gayyata a Mai'adua da na hau babur na same shi, duk wanda na tsaya a ƙofarsa bai mayar da ni ba. Waɗanda suka aiko da yatsa a waya, su ne dai waɗannan. Kwamfuta goma sha tara. Ƙofar Maliki ce kaɗai ban taka ba, don ina jin kunyar abin da na faɗa masa.

Na raba aikin daidai wa daida, hoto ɗari uku kowace na'ura. Khairunnisa ta zuba wa kowa fayil ɗin aikin a filas, 'yar ma'ajiyar da ake sokawa a kwamfuta, kowa ya tafi da nasa gida.

Larabar da ta biyo baya da hantsi aka dawo da su. Baba Dabo ya zo musamman, muka shimfiɗa tabarma a zaure, Sada da Lawal da Sagir suna nan, Khairunnisa ta jera hotunan ta kunna. Minti na farko, wanda tsohuwar kwamfutarmu ta yi, lafiya lau. Manomi ya fito daga bukka, rana na fitowa ta bayan gawo. Baba Dabo ya ce kai, wannan ai gonar Tudu ce.

Sai hoto ya dagule, ya koma kamar ana kallo ta cikin rariya. Rabon Sagir ke nan. Ya rage ingancin aikin ne don na'urorinsa su riga na kowa gamawa, kuma sun riga ɗin, tun ranar Lahadi yake yi wa mutane gori. Bayan wannan, a kusurwar hoto sai ga rubutu ja, sunan shagon Lawal da lambar wayarsa, da "ana buga kalanda da katin biki". Lawal ya ce duk abin da ya fita daga na'urarsa haka yake fita, ba da wata manufa ba. Na'urori uku marasa ƙarfi kuwa ko rabin rabonsu ba su kai ba.

Amma wanda ya sa Khairunnisa ta dafe kai shi ne rabon Sada. Daidai wurin da manomi ke ɗaura takunkumi ya sa safar hannu kafin ya haɗa magani, wurin da aka yi fim ɗin dominsa, sai ga manomi fuska a buɗe, fari sol kamar ango a kalanda, tsagen fuskarsa an goge shi tas, yana zuba guba yana murmushi.

Sada bai ga laifinsa ba. "A sana'ata," ya ce, "ba a ba mutum hotonsa fuska a rufe. Shekara ashirin ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce na yi masa haske da yawa. Na ga yarinya ta yi ƙoƙari, na ce bari in ƙarasa mata."

Na buɗe baki, Khairunnisa ta riga ni. Muryarta ba ta tashi ba. Ta ce, "Kawu Sada, wanda ka cire wa takunkumin nan Kawu Bature ne. Haka ya tsaya bara."

Sada ya sunkuyar da kai yana murza hularsa a gwiwa. Hoto fiye da dubu biyu sai an sake, kwana biyu suka rage, ga gabas ta fara haɗa gajimare da yamma.

Baba Dabo ya juyo gare ni. Ya ce laifin ba na Sada ba ne, nawa ne. A ina na taɓa ganin an kira gayya an yanka wa kowa gona ya naɗe ya tafi da ita gida? Gefe da gefe ake tsayawa, kowa na ganin noman na kusa da shi, mai gona na biye a baya yana duba abin da aka bari. Kuma ba a ba tsoho da saurayi faɗi ɗaya. Akwai mai rabo, wanda ya san ƙarfin kowane hannu. Ya tambaya wa ya san ƙarfin waɗannan na'urori.

Duk mun san Maliki ne. Na ɗauki goro biyu na nufi hanyar tasha.

Na tarar da Maliki yana hura ƙura daga cikin wata kwamfuta. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ajiye goron a kan teburinsa na ce, Maliki, gobe ina neman hannunka. Ya kalli goron. Sannan ya tambaya wace irin na'ura mai awon filaye yake da ita, da na faɗa masa sai ya ce wannan minti huɗu da rabi za ta yi a hoto, in ba a bar ta ta yi zafi ba. Ya jawo takarda.

Alhamis da Juma'a ba a karatu a Islamiyya, Malama Shatu ta ba mu babban ajin. Tun da sassafe aka fara shigo da kwamfutoci, a kan babur, a baro, ɗaya a kan kai. Maliki ya kwance batiran sola na shagonsa ya kawo, mai ƙanƙarar bakin kasuwa ya ba da aron janareta. Aka jera tebura layi biyu, fuskokin na'urori duk suna kallon waje guda. Maliki ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa cikin kowace, ya je allo ya rubuta da alli: wannan minti biyar, a ba ta ɗari da tamanin, wannan minti goma sha ɗaya, a ba ta saba'in, kuma a ba ta wurin da babu inuwar ganye da yawa. Sagir ya tsaya da agogon waya yana jiran ya kama shi da kuskure. Hoton farko ya fito a na'urar mai kemis, minti tara da 'yan daƙiƙu, kamar yadda aka rubuta a allo. Na biyu ma haka. Sagir ya mayar da waya aljihu ya ce to, Malam Sha Shida, yau dai dubanka ya ci.

Duk karatun nan da ya yi wata uku yana yi a kan katin da babu shi, ashe ya san na hannu kamar yunwar cikinsa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ne.

Khairunnisa ta shigo da hijabinta ta kama zagaye a bayan layi, tana tsayawa a kan kowane allo. Wani daga cikin masu na'urorin ya yi gunaguni, wai yarinya ce za ta riƙa leƙa aikin manya. Baba Dabo, wanda ya kwana a gidanmu don wannan rana, ya ce daga inda yake zaune, "Mai gona ce. In ba ka son a bi bayanka, ka yi noma mai kyau." Ba a sake jin gunaguni ba. Sau ɗaya ta ga hannun Sada na lallaɓawa wajen linzamin kwamfuta, ta ce Kawu, a bar masa fuskarsa. Ya janye hannun ya ce wallahi ƙuda yake kora, aji ya kwashe da dariya har da shi.

Wajen Azahar zafi ya taso. Fankokin na'urori suka fara kuka, gudunsu ya ragu, abin da Khairunnisa ta tambaya tun farko aka yi mata dariya. Goggo Hajo, wadda ta kawo mana fura a ƙwarya biyu da dambu a babbar roba, ta duba ta ce a jiƙa buhunan algarara a rataya a tagogi, yadda take yi wa randarta. Aka yi, iska mai sanyi ta fara ratsowa. Sauran kuma aka bi su da mafici, ka ga ƙaton mutum mai gemu ya durƙusa yana yi wa kwamfuta fifita kamar mai jinya.

Baba Dabo ya ce gayya ba kiɗa ba ta cika ba. Malama Shatu ta ce ganga dai ba za ta shiga makarantarta ba. Sai ya ce to bakinsa ai ba ganga ba ne. Duk na'urar da ta gama kashi guda, sai ya kira sunan mai ita ya yi masa kirarin manoma, na Lawal gojen da ba ya barin saura, na mai kemis bijimi mai tafiya a hankali. Mutanen da suka zo don kunyar goro sai ga su suna leƙa allon juna, kowa na so a kira shi.

Ranar Juma'a muka bar na'urori suna aiki muka tafi masallaci, Khairunnisa da Goggo Hajo da Malama Shatu suka tsare su. Da muka dawo muka tarar babbar na'urar Sagir ta mutu da hoto sittin a wuyanta. Ba a ko yi shawara ba. Maliki ya goge allo ya sake rabo, duk wanda ya kai ƙarshen nasa ya juyo ya ɗauki uku ko huɗu daga na Sagir. Hoto na ƙarshe ya fito daga tsohuwar kwamfutar gidanmu, rana na kan katangar makaranta. Khairunnisa ta jera, ta kalla daga farko har ƙarshe, sannan ta juya ta fuskanci bango ta goge ido da gefen hijabi.

Asabar da safe muka cika motar haya muka kama hanyar Zango, majigi a kan cinyata. Mun wuce rabin hanya wayar Maliki ta yi ƙara. Ya duba, ya sake dubawa. Sagir ya fizge ta ya karanta wa mota: an sanar da sabon kati yau, gig goma sha biyu, ya fi tsohon gudu da kashi goma sha takwas, kuma sai nan da wata biyu zai shiga kasuwa. Ya ce a yi wa Malam Sha Shida ta'aziyya. Maliki ya karɓi wayarsa ya ce sha takwas ɗin ma ai ba laifi, kuma an ce wanda zai biyo bayansa... Sai ya haɗa ido da Khairunnisa ta madubin direba, ya yi dariya ya kashe wayar.

A ajin firamaren garin aka nuna shi, an toshe tagogi da tabarmi. Mutane sun yi yawa har sai da aka yi zama uku, na uku na mata. Kawu Bature na zaune a gaba, ya danne hannunsa mai rawa da ɗayan. Da manomin ya fito wani daga baya ya ce wannan ai ɗan gidan Sarkin Aska ne, ku dubi tsagen. Aka yi dariya, amma ba irin ta wancan karon ba, don ba wanda ya tashi. Da bututu ya toshe a cikin fim, manomin ya ɗaga shi zuwa bakinsa, sai na ji ajin gaba ɗaya ya ja numfashi, wani tsoho ya ce a'a, ɗan nan. Maƙwabcinsa na cikin fim ya riƙe masa hannu, ya karyo ƙayar aduwa, ya nuna masa yadda ake zungure toshiyar da safa a hannu.

Kawu Bature ya ɗaga hannun nan nasa mai rawa, a gaban kowa, abin da ya shekara yana ɓoyewa a cikin riga. Ya ce a mayar da wurin nan. Khairunnisa ta mayar. Ya ce a sake, ta sake.

A ƙarshe sunaye suka hau allo. Ta rubuta nata ƙarami a ƙasa, a sama kuma ta sa 'Yan Gayya, ta jero su duka, har da Goggo Hajo da mai ƙanƙara, da Maliki a matsayin mai rabo. Baba Dabo ya ce in karanta da ƙarfi don waɗanda ba su yi boko ba. Na karanta. Ban ga sunan wata ƙasar waje a ciki ba, daga Daura sai Mai'adua sai Zango.

Ina cikin naɗe waya na ji hayaniya a bakin sito. Na leƙa. Katan ɗin nan da ya shekara a kusurwa ne aka jawo tsakar fili, Baba Dabo na tsaye a kansa yana cewa a bi layi, ɗaya-ɗaya ne, ba a karɓar wa maƙwabci. Kafin La'asar ya kife katan ɗin ya buga gindinsa, ba abin da ya faɗo sai ƙura. Mutum bakwai suka rasa, suna ta mita.

Kawu Bature ya samo nasa tun da wuri. Ya zo inda Khairunnisa take, ya miƙa mata takunkumin ya ce, 'yata, hannun nan ba ya ɗaurin igiya, nuna mini yadda na cikin majigin ya yi. Ta zagaya bayansa ta ɗaura masa. Daga gabas iska ta taso da ƙamshin ƙasa, mutane suka fara ɗaukar buhunan irinsu suna ɗorawa a babura.